Saƙon da Ba Wanda Ya Aika

Kowa Kaka yake ce mata, har 'ya'yan da ta haifa. Kwana tara da rasuwarta, babban ɗanta, wanda unguwa ta sani da Tela, ya rufe shago ya zo kwashe kayan ɗakinta. Ya tarar ƙanwarsa Malama ta riga shi, tana zaune a bakin gado tana ninke zannuwa.

A 'yan kwanakin nan Tela ya sha jin yabon mahaifiyarsa. Duk wanda ya zo gaisuwa magana ɗaya yake yi: tsohuwar nan ba ta san ƙarya ba. 'Ya'ya bakwai, jikoki talatin da ɗaya, amma ba ta taɓa bari gaba ta yi tsawo a zuriyarta ba. Shi ma shaida ne. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce ya ɓata wa Malama yadi, ita kuma ta ce masa a gaban mutane shi ba tela ba ne, mahauci ne. Wata biyar ko gaisuwa babu. Sai wata safiya Kaka ta shigo shagon, ta zauna kan buhun ƙyallaye, ta ce ƙanwarsa ta aiko ta ba shi haƙuri, har da hawaye, amma kada ya tayar da zancen, kunya take ji.

Bai tayar ba. Tun daga ranar yake yi wa Malama kallon wadda aka yi wa afuwa.

Yau da ya shaƙi warin man zafin Kaka a jikin matashin kai, sai zuciyarsa ta yi laushi.

"Malama, haƙurin nan da kika aiko Kaka da shi, ban taɓa faɗa miki ba, ya shige ni."

Ta ajiye zanen da ke hannunta. "Wane haƙuri, Yaya? Ai kai ka aiko. Ta ce har abinci ka kasa ci."

"Ni? A watannin nan har ƙiba na yi."

Tela ya lallaɓa ya zauna kan kujerar roba. Ya tuna ƙaninsu direba, da surukinsa, da maƙwabcin da ya tare masa ƙofar shago da mota. Dukkansu ta bakin Kaka suka tuba, kuma dukkansu kunya ta hana su maimaitawa.

"Ashe ba wanda ya taɓa ba ni haƙuri a duniyar nan," ya ce.

Malama ta fara dariya, dariyar ta koma kuka, ta share fuska da ɗankwalin Kaka.

"To yanzu fa?" ya tambaye ta.

"Yanzu me? Ni dai ban yi laifi ba."

"Ni ma haka."

Ta miƙe ta kama gefen katifa. "Kama can, Yaya. Ka karkata ta, ƙofar ba ta da faɗi."

Ya kama, suka fita da ita tsakar gida.