Cikakken Finjali

Hayaƙin turaren wuta ya cika ɗakin har ido na yaji, Mubina kuwa na tsaye a tsakiya tana nuna wa kowacce wurin zamanta da ɗan yatsa. Tun da aka zaɓe ta shugabar ƙungiyar ɗalibai mata Hausawa a kwalejinsu ta Jidda, yatsan nan bai huta ba. Yau Dakta Jawahir, mai kula da harkokin ɗalibai, za ta zo ta yanke ko a bar musu ɗakin ko a miƙa wa wata ƙungiya. Mubina ta san in ɗakin ya tafi, kujerarta ta bi shi.

A unguwar Sharafiyya ta nan Jidda aka haife ta, shi ya sa take wa duk wadda ta zo daga gida Najeriya kallon kayan da aka sauke daga jirgi. Wadda ta fi tsone mata ido ita ce Barakatu, 'yar Gumel, mai durƙusawa in za ta gaida mutum. Mubina ba ta taɓa zama da ita ba. Ta dai damƙa mata butar gahawa, don a ganinta wannan aikin ko jaki zai iya.

"Ke dai ki zuba ki koma gefe. Kada ki buɗe baki, halas, shi ke nan."

Dakta Jawahir ta iso, ta zauna. Mubina ta fara jawabin da ta haddace a gaban madubi, ana ta yauƙi da Larabci. Barakatu ta durƙusa, ta cika finjalin baƙuwar fal har bakinsa, yadda ake cika wa babban mutum ƙwarya a gidansu, ta miƙa da hannu biyu.

Mubina ta hango finjalin, jawabinta ya sarƙe. Ko yaron goye a Jidda ya san gahawa ɗan kaɗan ake zubawa, a riƙa ƙarawa. Cika finjali na nufin sha ki kama gabanki.

Baƙuwar ta dubi finjalin, ta kurɓa, ta ajiye. Ta yi godiya, ta fita jawabin bai kai rabi ba. Kafin la'asar labari ya zo cewa an ba 'yan ƙungiyar zane ɗakin.

Mubina ta tara 'yan ƙungiyarta, ta zazzage wa Barakatu ƙauyancinta tas, ta fassara mata abin da ta aikata dalla-dalla. Wannan ne darasi na farko da ta taɓa ba ta.

"Yanzu na gane, shugaba," in ji Barakatu a hankali.

Maƙogwaron Mubina ya bushe don faɗa, ta ce a ba ta abin sha. Barakatu ta ɗauko butar a gaban kowa, ta cika finjalin fal, ta miƙa mata a tsaye. Ba wadda ta ce a rage.