Tsohon Shafin Yaya

Ba wanda ya zaɓe ta don ta fi kowa iyawa. Ranar da aka nemi mai kula da dandalin, kowa ya yi gum, ita ce kawai ba ta iya cewa a'a ba. Dandali ne a intanet inda teloli ke saye da sayar da tsofaffin kekunan ɗinki: mutum ya buɗe shafi, ya sa hoton kekensa a sama, masu so su yi tambaya a ƙasa, wanda ya saya ya dawo ya faɗi yadda ya same shi. Aikinta raba faɗa da goge tallan maganin rage tumbi. Ba albashi, ba sannu, sai sunan da suka laƙaba mata, wai Anti Doka.

Dokar da ta jawo mata sunan ba ta da tsawo. Shafi ɗaya, keke ɗaya. In keken bai fita ba, kana iya tayar da tsohon shafinka ka ce har yanzu yana nan. In ya fita, a rubuta an sayar, a kulle, sabon keke ya samu nasa. Ta maimaita wannan har yatsunta sun gaji. Amma mutane ba sa son sabon shafi, don fayau yake zuwa, ba kowa a ƙasa yana cewa wane mutumin kirki ne. Sai su lallaɓa su koma tsohon, su sauya hoto, su bar yabon bara yana yi wa kayan bana talla.

Wata rana tana shago, bayanta na ciwo, ga ɗinkin mutane jibge, wata mata ta shigo rungume da kan keke a cikin tsohon tawul. Ta ajiye shi a teburin yanka, ta gaishe ta da ladabi. Ta ce kwanan nan ta gama koyon ɗinki, wannan ne kekenta na farko, a dandalin ta saya. Tsinka zare yake yi, yana tsallake ɗinki, mai gyara kuma ya buɗe ya ce cikin ya cinye, walda ce kawai ke riƙe da shi. Anti Doka ta fara karanto abin da ta saba, cewa dandali ba ya tsaya wa kowa, sai matar ta miƙo mata waya.

"Anti, ni ban san mai keken ba," in ji ta. "Ke na sani. Maganarki na karanta na saya."

Shafin yayanta ne. Ga hoton wannan gurgun keke a sama, ga rubutunta a ƙasa da sunanta: ta ɗinka da shi da hannunta, lafiyarsa ƙalau, duk wanda ya saya ita ce shaida. Kuma gaskiya ta faɗa a lokacin. Keken Mama take nufi, baƙi mai nauyi, wanda Yaya ya fara sayarwa shekarar da aka sallame shi daga aiki. Tun daga nan kekuna nawa suka hau kan wannan shaida suka sauka, Allah kaɗai ya sani. Kunya ta kama ta, irin wadda ke sa mutum ya rasa inda zai sa idonsa.

Ta ba matar aron kekenta na biyu, ta tura gurgun ƙarƙashin tebur, ta kira Yaya. Dariya ya fara yi. Ya ce kowa haka yake yi, ita ce dai ta ɗauki abin kamar kotu. Da ya ji ba ta yi dariyar ba, murya ta sauya. Ya ce shi ba shi da shago, shafin nan ne shagonsa, in ta kulle to ƙofar abincinsa ta kulle. Ya tuna mata wanda ke goya ta zuwa makaranta. Duk ta sani, kuma tana ƙaunarsa, shi ya sa abin ya fi ciwo. Suna gama wayar, ta kulle shafin.

Kafin ta gama kalmasa riga ɗaya Mama ta kira. Mama ba ta san mene ne shafi ba, ba ta kuma nemi sani ba. Abin da ta sani, ƙanwa ba ta rufe wa yayanta ƙofa a gaban jama'a. Anti Doka ta ce to, ta ce a yi haƙuri, ba ta buɗe ba. A dandali kuwa wasu suka yaba, wasu suka ce wadda ta yi wa ɗan'uwanta haka, su sai Allah ya kiyaye.

Yaya ya buɗe sabon shafi, da keke mai sheƙi a hoto. Ba wanda ya ce uffan a ƙasa. Bayan 'yan kwanaki sai ga shi a shagon, ya zauna a bencin masu jiran ɗinki, ya rame, yana juya makullin babur a yatsa. Suka yi hirar ciwon ƙafar Mama, suka yi ta zafin gari, har hira ta ƙare.

"Ki ɗan sa min layi ɗaya a ƙasa mana," ya ce, bai dube ta ba. "Ko gaisuwa ce. In sun ga sunanki za su zo."

"Kawo keken in ɗinka da shi, Yaya. In lafiyarsa ƙalau, wallahi ni zan fara rubutawa."

Ya dubi gurgun keken da ke ƙarƙashin tebur, har yanzu a cikin tawul ɗinsa. Ya miƙe, ya kaɗe wando, ya ce gobe zai kawo.

Da ya fita ta kwashe yadudduka, ta share gefen teburin, ta ajiye sabon zare da ƙyallen gwaji. Har yau bai kawo ba, wurin yana nan yadda ta share shi. Teburin ƙarami ne, a takure take yanka yanzu, amma ba ta ɗora komai a wajen ba.