Motar da Ba Ta Zabura

Shekara arba'in Baba Direba ya yi yana jan babbar mota, kunnensa ya haddace kukan kowace giya. Shi ya sa motar da autarsa ta bar masa ta tsaya masa a rai. Ya taka totur, injin ya ɗaga murya, ya jira wannan 'yar zaburar da ke nuna an shiga ta biyu, shiru. Sai tafiya sumul kamar kwale-kwale.

Gobe kuma zai kai matarsa ganin jikarsu ta fari, tafiyar awa uku. Tun da aka yi mata aikin baya, ko ɗan fizgar canjin giya sai ya sa ta cije leɓe, ta damƙe kujera. Wata takwas ba ta yarda ta shiga mota ba. Har yau Amarya yake kiranta, da furfurarta da komai. Yaya zai ɗauki Amarya a motar da giyarta ke sulɓewa?

Da hantsi ya isa gareji riƙe da galan ɗin man giya.

"Ɗana, juye mata wannan. Giyar ta mutu, ko sau ɗaya ba ta shiga."

Bakaniken ya karanta jikin galan ɗin, ya ajiye shi can nesa da motar. "Baba, da ka zuba wannan, da yanzu muna yi mata ta'aziyya. Lafiyarta ƙalau. Ita ba ta da ta ɗaya, ba ta da ta biyu."

"Ni za ka koya wa mota? Ina kan titi kana rarrafe."

"Da girmanka, Baba. Zo ka ga cikin irinta."

A kan teburin ƙarfe akwai wata giya da aka buɗe. Babu haƙoran da Baba ya sani. Fuli biyu ne, kowanne kamar mazurari biyu da suka haɗa baki, da bel na ƙarfe mai ɗaruruwan ƙananan faranti yana zagaye su. Bakaniken ya matse ɗaya, bel ɗin ya hau sama a hankali, ɗayan ya buɗe ya ba shi hanya. Baba ya shafa farantan da yatsa. Ɗaya na matsewa, ɗaya na sassautawa, babu mai fizgar ɗan'uwansa.

"To wannan me ya kashe ta?"

"Man da ba nata ba, da jan kaya, da ƙafa mai nauyi irin ta direbobin manyan motoci. Ka ba ta manta a kan lokaci, ka lallaɓa ta, za ta daɗe tana yi maka hidima."

"Lallaɓawa ai sana'ata ce, tambayi Amarya."

Washegari ya jera mata matashi biyu, ya taka totur kamar mai tsoron tada jariri. Ta damƙe kujera tana jira. Suka wuce gada, suka hau tudu, fizgar ba ta zo ba. A hankali yatsunta suka saki kujerar, suka sauka a kan hannunsa, wanda ya saba zama a kan sandar giya, yau kuma ba shi da aikin yi.

"Malam, yaushe ka koyi tuƙi?" ta ce.

Ya buɗe baki zai ba ta labarin bel da fuli, ya waiga, ya ga har barci ya ɗauke ta.