Ruwan Marinar Malam Babayo

Wata uku cif jami'an tsaftar muhalli suka ba Malam Babayo: ko ya gyara ruwan da ke fita daga marinarsa, ko su garƙame ta. Ba zalunci ba ne. Tun da aka bar rini da shunin ganyen baba aka koma garurar kanti da soda, ruwan nan yau shuɗi gobe ja yake bin kwata, ya gangara har fadamar da mutanen Inkil ke noman alayyafo. Manoman sun kai ƙara har sun gaji.

Sai duk gidan suka zuba wa Sabitu ido. Shi ne ɗan da ya yi boko, yake aiki a ɗakin gwaje-gwaje na jami'a a Yelwa, saboda haka a ganinsu babu abin da zai gagare shi, tun daga gyaran rediyo har ciwon baya. Magidanta goma sha ɗaya ke ci a marinar nan. Ina ya ga bakin cewa ba zai iya ba?

Ya kafa durom biyu a bayan marinar. Na farko ya cika shi da garin katako wanda ya raini wata farar funfuna a jikinsa, irin mai fitowa a ruɓaɓɓen icce. Na biyu ya zuba ƙwayoyin bakteriya da ya tsamo daga taɓon kwatar, waɗanda suka saba da garura har ta zame musu abinci. Marina suka yi ta masa tsiya, wai Malam ya kai ɗa jami'a ya dawo yana kiwon funfuna. Ranar da ruwa ya shiga shuɗi shar ya fito fari tas, masu tsiyar nan su suka fara yi masa kirari.

Sabitu kuwa bai gamsu ba. Ya jiƙa wake ashirin da ruwan famfo, wasu ashirin da farin ruwan. Na famfo duk suka tsira. Na farin ruwan uku kacal, su ma a kanannaɗe. Ashe ƙwayoyin ba cinye garurar suka yi ba, farfasa ta suka yi: launin ya tafi, dafin yana nan. Sai an ƙara durom na uku ana hura masa iska, aikin wata biyu. Wa'adi kuwa saura kwana shida.

Ya sami mahaifinsa a zaure bayan la'asar, ya durƙusa.

"Baba, ruwan nan fa da sauransa."

"Sauran me? Da launi a jikinsa?"

"Babu."

"Wari fa?"

"Babu."

"Ɗanɗano kuwa ni da kaina na taɓa da harshe, lami. To abu uku ke ɓata ruwa, Sabitu: launi, ɗanɗano, wari. Tun ba a haife ka ba nake karantar da wannan. Na huɗun daga Yelwa ka zo mana da shi?"

Dattawan da ke zauren suka yi dariya. Sabitu ma ya yi murmushin dole, ya tashi.

Kwanakin nan shida ya rasa inda zai sa kansa. In ya yi shiru, jami'i zai sa hannu, manoman Inkil kuma su ga ruwa garau su shiga ban ruwa da shi hankali kwance, wani ma ya sha in rana ta dake shi. In ya yi magana, shi ya rufe marinar ubansa da bakinsa. Yana cikin keke mai ƙafa uku daga Yelwa yana juya abin, yana wurin aiki yana juya shi, kullum wuri ɗaya yake dawowa. Tsoro yake ji, kuma yana jin kunyar tsoron.

Ranar wa'adi da hantsi jami'in ya zo, wani kamilin mutum mai suna Andrawus, da takarda a hannu da kwaɗon rufe ƙofa a jaka. Ya ɗebi ruwan a kwalba, ya ɗaga shi ga rana, ya shinshina, ya gyaɗa kai. Ya zaro biro. Sabitu yana tsaye yana kallon biron.

Da Malam Babayo ya bari an sa hannun nan, da shi ke nan. Amma murna ta ɗebe shi, ga maƙwabta sun cika wurin.

"Dakata, yallaɓai, ka ga shaida da idonka. Da ruwan nan zan yi alwalar walaha, in kuma sha in gode wa Allah."

Ya cika buta a bakin durom, ya tsuguna, ya naɗe hannun riga. Ya wanke hannuwansa da suka rine tun ƙuruciya. Ya cika tafinsa ya nufi baki.

Sabitu bai san lokacin da ya riƙe masa wuyan hannu ba. Ɗa ya riƙe hannun ubansa a gaban jama'a! Wani dattijo ya yi salati.

"Baba, kada ka sha. Guba ce."

Andrawus ya dubi tsohon, ya dubi ma'aikatan, ya rage murya.

"Malam Sabitu, takardata launi da wari kawai ta tambaya. Abin da ka faɗa, in rubuta?"

Ga ƙofa an buɗe masa, kuma ya san ba ta fita ba ce.

"Rubuta, yallaɓai."

Malam Babayo ya zare hannunsa a hankali, ya goge a jikin riga.

"Tun yaushe ka sani?"

"Kwana shida, Baba. Na faɗa maka."

"Cewa ka yi da sauransa. Ba ka ce guba ba. Ka bar ni na tara mutane."

Andrawus ya gama rubutu, ya ciro kwaɗon yana ba da haƙuri, ya nufi ƙofar marinar. Tsohon ya ɗaga masa hannu.

"A'a, yallaɓai, kada ka wahala. Ba shi. Shi zai rufe."

Sabitu ya karɓa. Ya nufi ƙofar marinar, sai a karo na uku kwaɗon ya kama.