Lafiyar Motar Suruki

Mubarak bakanike ne a Ƙofar Mazugal, irin na zamani, wanda ba ya shiga ƙarƙashin mota sai ya fara jona mata sikana. Na'ura ce kamar wayar hannu, a soka ta ƙasan sitiyari, ta tona asirin inji da lambobi. Ya iya aikinsa, wannan ba na musu. Matsalarsa ɗaya, yana neman auren Zaituna, 'yar Alhaji Ɗahiru na Sheshe, kuma har lokacin Alhaji bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Alhaji yana da wata tsohuwar mota 'yar Kwatano da yake ji da ita kamar tsoka ɗaya a miya. Ka zagi rawaninsa ya yafe maka, amma kada ka ce motar nan tana hayaƙi. Ranar da wutar cek, mai nuna inji ya sami matsala, ta kama a gaban direba, sai ya tuƙo ta garejin Mubarak da kansa, da abokan majalisarsa biyu a baya.

Mubarak ya zube ya kwashi gaisuwa, sannan ya jona sikana. Lamba ta fito, P0217, wato inji ya yi zafin da ya wuce kima. Wata ta biyo ta, mai cewa silinda ba ta ƙona mai daidai. Ya leƙa lagireto ya ga ruwa ya koma kamar kunu. Gaskit ɗin da ke raba ruwa da mai a inji ya ƙone, injin yana hanyarsa ta lahira.

"Yaya jikin nata?" Alhaji ya tambaya, yana shafa bonet.

To, a Kano wa ya taɓa zuwa dubiya ya ce jiki ya tsananta? Balle ga suruki, balle a gaban mutane.

"Da sauƙi, Baba," in ji Mubarak, kansa a ƙasa. "Ƙura ce ta taɓa waya."

Ya danna maɓallin gogewa, wuta ta mutu. Alhaji ya waiwayi abokansa ya ce, "Kun gani? Kwamfuta ma ta shaida."

Tun daga nan abin ya zama jiki. Wuta ta kama, a kawo mota, Mubarak ya goge, Alhaji ya sa albarka. Wallahi abin yana ba ni haushi, don sikanar ba ta taɓa yi masa ƙarya ba, shi ne kullum yake toshe mata baki. Amma dabara ta ci. Alhaji ya ce yaron nan yana da hannu mai albarka, aka sa rana.

Ranar ɗaurin aure, bayan an shafa fatiha, Alhaji ya zaro makulli daga aljihu a gaban jama'a.

"Ba ni da abin da na fi so bayan Zaituna sai motar nan. Kai ka san lafiyarta fiye da kowa. Ga ta, a ciki za a kai maka amarya."

Aka ɗauki kabbara. Mubarak ya karɓa da hannu biyu.

Da la'asar aka sa amarya da gwaggonninta a ciki. Motar ta yi tari a lungun Zaitawa, inda ko kurar 'yan ga-ruwa biyu ba sa wuce juna, ta saki farin hayaƙi, ta mutu murus. Motocin 'yan rakiya suka cushe a baya, masu babur suna ta zagi. Zaituna ta fito cikin lulluɓi tana kuka, aka ƙarasa da ita a adaidaita.

Da labari ya kai wa Alhaji, bai ɗaga murya ba. Ya aika aka kira Mubarak, ya dube shi a gaban dattawa.

"Lafiya ƙalau na ba ka ita, kai da bakinka ka sha faɗa. Yini ɗaya ba ta yi a hannunka ba. To ita yarinyar, haka za ka riƙe min ita?"

Sikanar da za ta iya tona gaskiya tana aljihun babbar rigar Mubarak, amma ya durƙusa ya ce, "A gafarce ni, Baba. Laifina ne."