Ɓerayen Farfesa Bakalov

Shekara bakwai Rumyana tana feɗe ɓeraye a ɗakin bincikenmu na birnin Plovdiv, ni kuma ina share kejinsu. Aikinta a kan taimus ne, ɗan naman nan na ƙirji inda ƙwayoyin T, masu kare jiki daga cuta, ke koyon bambance na gida da baƙo. Kwantiraginta zai ƙare a watan Yuni, sai in an buga takardar bincike da sunanta.

Akwai ɓeraye ashirin da aka cire musu wani tambari daga saman ƙwayoyinsu na T. Taimus ɗinsu ya shanye, ƙwayoyin ba sa kaiwa girma. Shugabanmu, Farfesa Bakalov, ya ce ya gano sirrin duniya. Duk baƙon da ya zo, ko mai gyaran famfo ne, sai ya ja shi ɗakin dabbobi, ya ɗago ɓera ta wutsiya yana lilo da shi.

"Kalli zinariya!" yake cewa, bakinsa na warin giyar rakiya.

Lafiyayyun ɓeraye masu tambarin kuwa suna lungu, ba mai kallonsu.

Wata safiya Rumyana ta ce, "Nedko, ka san tsoro kaɗai yana shanye taimus?"

"Na sani. Ke ma kin sani. Rufe bakinki har Yuni, don Allah."

Ina! A ɓoye ta musanya kejin biyu da takardun shaidar da ke jikinsu. Wata guda Farfesa yana lilo da lafiyayyun ɓeraye yana kiransu zinariya. Da ta feɗe, taimus ɗinsu ya shanye, na waɗanda suka huta kuwa ƙalau.

Ta kai masa sakamakon ina tsaye riƙe da bokiti.

"Ranka ya daɗe, ba tambarin ba ne. Hannunka ne."

Ya daɗe yana kallon takardar, kunnuwansa suka yi jawur.

"Wa ya ba ki izinin taɓa kejina?"

A watan Yuni ta kwashe littattafanta da kofin shayinta. Wallahi na ji kunyar kaina, don ko tari ban yi ba.

Bana takarda ta fito: yadda riƙon mutum ke lalata ƙwayoyin T. Suna ɗaya ne a kai, ba nata ba. A shafin ƙarshe ya rubuta cewa shi ya tsara gwajin, da gangan.

Yanzu ni aka ba aikin lilon, minti biyu kowace safiya. Rumyana tana sayar da magani a kantin bayan tasha, kuma ban taɓa iya shiga ba.