Takarda a Aljihun Hatcher

Wata Lahadi a shekarar 1951 aka haɗa Elwood Prusak da Lonnie Szabo a filin besbol, wasan da ake jefa ƙwallo abokin hamayya ya buge ta da sanda, masu jifa biyu da ba sa barin sanda ta taɓa ƙwallo. Kafin a fara, Elwood ya tare kocinsa, Doyle Hatcher.

"Maigida, 'yata Darlene tana asibiti a garinmu, zazzaɓin ya ƙi sauka. In takardar waya ta zo daga gida, ka cire ni daga wasa. Jirgin ƙasa ɗaya ne yau, na ƙarfe huɗu."

"Haba Elwood, ai ni ma uba ne," in ji Hatcher, ya tofar da tabar da yake tauna. "Je ka yi jifarka."

Zagaye huɗu suka wuce, ba ci ko ɗaya. Szabo yana fitar da masu bugu uku, Elwood ya rama. Virgil, mai cafe masa ƙwallo, sai tsiya yake yi.

"Tsoho, me ka karya da shi yau? Na ɗauka hannun nan ya ruɓe tun bara!"

"Kai dai tsuguna ka cafe, mai gwiwa kamar tsohuwar ƙofa."

Da Elwood ya sauko daga tudun jifa bayan zagaye na biyar, bencin 'yan wasansu ya yi tsit. Kowa ya matsa ya bar masa gefe guda. Elwood bai yi mamaki ba. Al'ada ce, in mai jifa bai bar kowa ya yi bugu mai kyau ba, ba a yi masa magana, ba a zama kusa da shi, gudun kambun baka. Ya ji daɗi a ransa. Sai dai Virgil, da ba ya iya rufe baki, ko idonsa ya ƙi kallo.

A zagaye na takwas ya ji kukan jirgi daga bayan katanga. Ya dubi agogon allon maki, huɗu daidai. Zuciyarsa ta kwanta. Tunda waya ba ta zo ba, yarinya ta samu sauƙi. Ya jefa sauran da ƙarfin da bai san yana da shi ba. A na tara, zagayen ƙarshe, suka ci Szabo ɗaya tak, wasa ya tashi.

'Yan kallo suna ihu, Hatcher ya ja shi gefe, ya zaro takarda mai ruwan ɗorawa daga aljihu, ta jiƙe da gumi. Daga matar Elwood ce: "Ka zo yau. Likita ya ce ba za ta kwana ba. Tana kiranka." Hatimin gidan waya ya nuna uku saura kwata.

"Tun yaushe take wurinka?"

"Tun zagaye na biyar. To me kake so in yi? Ka san ba a magana da mai jifa a irin wannan rana. Gobe sunanka zai fito a jarida, ɗan'uwa."

Elwood ya juya ga Virgil. "Kai ma ka sani?"

Virgil ya sunkuya yana kwance sulkensa na cafe ƙwallo.

Maza goma sha takwas ne a bencin nan, duk sun ga ma'aikacin gidan waya, duk sun san abin da ya kawo. Tsoron koci ne da kwaɗayin nasara, suka sa masa suna al'ada. Darlene ta rasu kafin gari ya waye. Elwood ya hau jirgin Litinin, da ƙwallon da suka sa wa hannu su duka a aljihun kwat ɗinsa.